Biri da Budurwa: Yaƙin Masu Zane a Kan Ayilan

A shekarar 1801 aka haɗe Ayilan da Birtaniya, majalisar Dablin ta rushe, dokokin ƙasar suka koma ana yin su a Landan. Da Charles Stewart Parnell ya ja ragamar masu neman mulkin kai, sai rigimar ta fantsama har shafukan zanen barkwanci.

Mujallar Punch ta Landan ce kan gaba, babban mai zanenta kuwa shi ne John Tenniel. A 1881 ya zana Birtaniya a siffar jarumar mace riƙe da takobin doka, ta rungume wata budurwa mai kuka, wato Ayilan. Gabansu ga wani ƙato mai fuskar biri, ya ɗaga dutse zai yi jifa. A 1882, bayan an kashe Lord Frederick Cavendish da Thomas Burke a filin Phoenix Park na Dablin, sai ya zana Parnell durƙushe gaban wani dodo, wai shi ya ƙera shi ya kuma gagare shi.

Mai karatu, ka lura da dabarar: an raba ƙasa da mutanenta. Ƙasar kyakkyawa ce mai neman kariya, 'ya'yanta maza kuwa namun daji ne. To wa zai damƙa wa biri mulki?

Mutanen Ayilan ba su naɗe hannu ba. Jaridun Weekly Freeman da United Ireland sun riƙa fito da zane mai launi, inda irin su John Fergus O'Hea suka nuna manomin Ayilan a matsayin kamilin mutum mai tsabta da hankali, ƙasar kuma mace ce mai kwarjini wadda aka zalunta. Manufarsu a fili take: wanda ya mallaki hankalinsa ya isa ya riƙe gidansa.

Firayim Minista Gladstone ya kai ƙudurin mulkin kai majalisa a 1886, aka kayar da shi da ƙuri'a 343 a kan 313. Na 1893 ya mutu a majalisar sarakuna. Na 1914 ya zama doka, amma Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sa aka jingine shi. Sai a 1922, bayan an zubar da jini, yawancin tsibirin ya sami gwamnatinsa. Zane bai kaɗa ƙuri'a ba, amma masu kaɗawar sun shekara da shekaru suna kallon wannan biri.