Gardi a Gaban Kyamara: Jarumta da Rauni a Tarihin Hoton Namiji

Gabatarwa

Bahaushe ya ɗora mazantaka a kan dauriya da ɓoye abin da ke zuci. Shi ya sa masu iya magana kan ce namiji barkono ne, sai an tauna ake sanin yajinsa. Wannan maƙala za ta bi sawun yadda hoto, wanda aikinsa shi ne bayyanawa, ya yi hulɗa da wannan namiji mai ɓoyo, a matakai uku na tarihi.

Daga Amawali zuwa Situdiyo

Bayan da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, ɗaya daga cikin hotunan namijin Arewa da suka yi yawo a Ingila shi ne na sarki bisa doki, amawali ya rufe masa baki, dogarai na kewaye da shi. Abin da mai kallo ke gani a nan shi ne sarauta, mutumin kuwa yana can bayan rawani.

Mataki na biyu ya zo da ɗakunan ɗaukar hoto na 'yan ƙasa. Alal misali, Seydou Keïta ya buɗe nasa a Bamako a 1948, inda ya tanadi rediyo da agogo da keke domin saurayi ya ara ya tsaya da su. A irin waɗannan ɗakuna ne talaka ya fara zaɓen yadda za a gan shi. Sai dai har a nan ma ɓoyon bai ƙare ba, domin agogon aro sutura ce ga rashi.

Gardawan Kura

Mataki na uku ya faru a maƙwabtanmu mu mutanen Lafiya. A 2005, Pieter Hugo, ɗan Afirka ta Kudu, ya riski wata tawagar gardawa Hausawa a gefen Abuja, masu yawo da kuraye da gwaggon biri da mesa suna tara jama'a suna sayar da maganin gargajiya. Ya zauna da su kwana takwas, ya sake dawowa a 2007, a shekarar ce kuma ya fitar da littafin The Hyena and Other Men.

Hugo ya gwada ɗaukar wasan kansa, bai gamsu ba. Don haka ya riƙa keɓe gardi da kurarsa a lokacin da babu kiɗa, babu 'yan kallo. Da aka cire waɗannan biyu, sai abin da taro ke rufewa ya fito fili: ga ƙato riƙe da sanda da sarƙa, amma a bayansa ƙura ce da kangon gini ko ƙarƙashin gada, idanunsa kuma ɗauke da gajiyar mai neman abin sa wa a baka. An ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Hotunan sun nuna cewa sarƙar baki biyu gare ta: guda a wuyan kura, guda a hannun wanda abincinsa ya rataya a kanta.

Duk da haka, aikin bai tsira daga suka ba. Wasu manazarta sun ce ya ciyar da tsohuwar sha'awar Turawa ta ganin baƙar fata a matsayin abin al'ajabi. Masu kare haƙƙin dabbobi kuma suka ji tausayin kura, alhali tambayar abin da ya kai mutum ga wannan sana'a ba ta dame su sosai ba.

Kammalawa

Abin lura shi ne, a mataki na farko da na uku baƙo ne ke riƙe da kyamara. Raunin namiji amana ce, kuma wanda ya san kunya da yaren mai ita ya fi cancantar ɗaukarta. Ɗan dambe bayan ya sha kaye, da manomin doya a shekarar da farashi ya faɗi, suna nan a Lafiya da kewayenta suna jiran ɗan gida da zai ɗauke su ba tare da ya tozarta su ba.