Kuɗin kujera da kuɗin ƙasa: Yadda ake kwatanta farashin Hajji tsakanin hukuma da jirgin yawo

Maniyyacin da ke Kankiya ko Kusada, a tsakiyar Jihar Katsina, hanya biyu ce a gabansa idan ya ƙudiri aniyar sauke farali. Ko dai ya yi rajista ta hannun jami'in alhazai na ƙaramar hukumarsa, ya tafi a ƙarƙashin Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Katsina, ko kuma ya bi ɗaya daga cikin kamfanoni masu zaman kansu da aka fi sani da jirgin yawo. Kowace hanya tana da farashin da take sanarwa, wanda ake kira kuɗin kujera. Akwai kuma wani kuɗin da ba ya fitowa a sanarwa, wato abin da alhaji zai ciro daga aljihunsa bayan ya sauka a ƙasa mai tsarki: hadaya, ziyara, motar haya, ƙarin abinci, tsaraba da kuɗin awon kaya. Sai an haɗa biyun sannan ake gane wace kujera ce ta fi sauƙi.

Yadda ake raba kujeru da tsayar da farashi

Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, wadda doka ta kafa a shekarar 2006, ita ce ke kula da harkar Hajji da Umara a Najeriya. A shekarun 2023 zuwa 2025 Saudiyya ta riƙa ware wa Najeriya kujeru 95,000, inda ake bai wa jihohi 75,000, kamfanonin jirgin yawo kuma 20,000.

Hukumar ce ke tsayar da farashin kujerar jihohi, kuma tana bambanta shi gwargwadon nisan filin jirgin da za a tashi. Alhazan Borno da Adamawa suka fi samun sauƙi, sai sauran jihohin Arewa, ciki har da Katsina, sannan jihohin Kudu. A 2023 kujerar Arewa ta kai kimanin naira miliyan 2.9. A 2024 an fara sanar da kimanin miliyan 4.7, amma a watan Maris aka nemi waɗanda suka riga suka biya su ƙara sama da miliyan 1.9, sababbin masu rajista kuma aka ce su biya fiye da miliyan 8. A 2025 kujerar Arewa ta tsaya a kan kimanin miliyan 8.46.

Dalilin wannan hauhawa shi ne canjin kuɗi. Kusan dukan hidimomin Hajji da dala ko riyal ake biyan su, kuma riyal a ɗaure yake da dala a kan 3.75 tun 1986. Da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, dalar da ake saye a hukumance kan kimanin naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Ke nan manomi ko ɗan kasuwar da ya sayar da shanu ko hatsi ya tara kuɗin kujera, yana iya tarar da abin da ya tara ya gaza, ko da Saudiyya ba ta ƙara ko riyal ɗaya ba.

Abin da kujerar hukuma ta ƙunsa

Kujerar jiha ta haɗa kuɗin jirgi zuwa da dawowa, biza, masauki a Madina da Makka, abinci sau biyu a rana, motocin da ke jigila tsakanin garuruwan biyu, tanti da hidimar Mina da Arfa da Muzdalifa, kula da lafiya, jaka da kayan sawa na bai-ɗaya, da ruwan Zamzam lita biyar da ake bai wa kowane alhaji bayan dawowa. A cikinta ne kuma ake mayar wa alhaji da kuɗin guzuri. A shekarun baya guzurin dala 800 ne, amma a 2024 da 2025 ya koma dala 500.

NAHCON ke kama masaukin Madina, yawanci a unguwar Markaziyya da ke kewaye da Masallacin Annabi (SAW), inda alhazai ke yin kwana huɗu ko biyar. Masaukin Makka kuwa jihohi ne ke zaɓa, shi ya sa nisansa da Harami ke bambanta daga jiha zuwa jiha. Alhazan Kankiya da Kusada kan tashi daga Filin Jirgin Sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina, kuma tafiyar kan ɗauki fiye da wata guda, domin ana kwasar alhazai ne rukuni-rukuni.

Matakan farashin jirgin yawo

Kamfanonin jirgin yawo ba su da farashi guda. Kowane kamfani mai lasisin NAHCON yana tsara kujerunsa hawa-hawa, kuma abubuwa huɗu ne ke ɗaga farashi ko sauke shi.

Na farko shi ne nisan masauki da Harami. Ɗakin da ke gine-ginen da ke fuskantar Ka'aba ya ninka na unguwannin Misfala ko Aziziyya sau da dama. Na biyu shi ne yawan mutane a ɗaki, biyu ne ko huɗu ko fiye. Na uku shi ne ajin tanti a Mina: tantin A yana kusa da wurin jifa, kuma ya fi wadatar shimfiɗa da abinci, tantin D kuwa, inda mafi yawan alhazan jihohi ke sauka, yana da nisa da cunkoso. Na huɗu shi ne yawan kwanaki. Jirgin yawo kan kammala cikin mako biyu zuwa uku, wanda hakan riba ce ga ma'aikacin gwamnati mai ƙayyadadden hutu da ɗan kasuwar da ba ya son barin shago na tsawon lokaci.

Akwai bambance-bambance biyu da maniyyata kan manta da su. Yawancin kujerun jirgin yawo ba su ƙunshi guzuri ba, don haka kafin a kwatanta su da kujerar jiha dole ne a cire darajar dala 500 daga farashin jihar. Sannan kamfanoni da yawa daga Kano ko Abuja suke tashi. Kankiya tana kan babban titin Kano zuwa Katsina, don haka isa Kano ba wahala ba ne, amma idan Abuja ce, kuɗin mota da na kwana suna wuyan maniyyaci.

A harkar Umara kuwa babu farashin hukuma da za a auna da shi, kamfanoni ne kaɗai ke tsarawa. Masauki ɗaya yana iya ninka farashinsa a goman ƙarshe na Ramadan idan aka kwatanta da watannin da babu cunkoso.

Kuɗin ƙasa

Hadaya ita ce mafi girma a cikin kuɗaɗen da suka wajaba. Wanda ya yi Tamattu'i ko Ƙirani sai ya yanka, ko ya yi azumin kwana uku a can da bakwai bayan ya dawo gida idan bai samu hali ba. Mai Ifradi babu hadaya a kansa. Hanyar da Saudiyya ta amince da ita ita ce shirin Adahi da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ke gudanarwa, inda aka sayar da takardar rago ɗaya kan riyal 720 a 2024 da 2025. A al'ada hadaya ba ta cikin kuɗin kujera, sai idan jiha ko kamfani ya bayyana cewa ya haɗa ta. Akan samu dillalai a masaukai suna tayin hadaya mai rahusa, amma alhaji ba shi da hanyar tabbatar da cewa an yanka.

Ziyara ita ce ta biyu. A Madina ana zuwa Masallacin Ƙuba, Masallacin Ƙiblatain, Dutsen Uhudu da maƙabartar shahidai, da wurin da aka yi yaƙin Gwalalo. A Makka ana zuwa Dutsen Nur inda Kogon Hira yake, da Dutsen Saur, da Ji'irana. Babu ɗaya daga cikin masallatai da maƙabartun nan da ake biyan kuɗin shiga. Izinin shiga Rauda ma kyauta ake samunsa ta manhajar Nusuk. Abin da ake biya kuɗin mota ne da ladan ɗan jagora. Wasu jihohi da kamfanoni kan tanadi bas ba tare da ƙarin caji ba, wasu kuma sai alhazai sun yi karo-karo. Mutum huɗu da suka haɗu suka ɗauki tasi ɗaya sukan biya ƙasa da abin da za a caje su ɗaya bayan ɗaya.

Ziyara mai nisa lissafinta daban ne. Badar tana da nisan kimanin kilomita 150 daga Madina, Ɗa'ifa kuma kimanin 90 daga Makka. Hukumomin Saudiyya sun taƙaita zirga-zirgar mai bizar Hajji a Makka da Madina da Jidda, saboda haka ziyarar Ɗa'ifa ta fi dacewa da mai Umara. Kamfanin da ya sa ta a cikin tallan kujerar Hajji ya kamata a tambaye shi yadda zai cika alƙawarin.

Sufuri na cikin gari shi ne na uku, kuma a nan masauki mai nisa ke fanshe arharsa. Idan babu bas ɗin da ke kai alhazai Harami, ko kuma an dakatar da shi a kwanakin da ke daf da hawan Arfa, tasi ce mafita, farashinta kuma kan tashi ƙwarai a lokacin. Wanda zai ƙara Umara sai ya biya motar zuwa Tan'im ya ɗaura harami. Dattijon da ke buƙatar keken turawa a ɗawafi da sa'ayi shi ma zai biya. Tsakanin Makka da Madina akwai jirgin ƙasa mai sauri na Haramain, wanda aka buɗe a 2018, yana cin tafiyar kilomita 450 cikin kimanin awa biyu da rabi, amma kujerar jiha bas ta tanada, kuma ba kowane kamfani ke sa tikitinsa a cikin farashi ba.

Ragowar su ne abincin rana, layin waya da data, aski, wanki, da tsaraba. Kayan shaguna suna ɗauke da harajin kashi 15 cikin ɗari tun watan Yulin 2020. Tsarabar da ta haura nauyin da kamfanin jirgi ya yarda da shi sai an biya mata kuɗin awo, wani lokaci fiye da kuɗin da aka saye ta.

Inda guzuri ke tsayawa

Dala 500 ta kama riyal 1,875. Idan aka cire hadaya riyal 720, saura 1,155. Idan aka ɗauka tafiyar kwana 35 ce, alhaji yana da riyal 33 a kowace rana, kuma daga ciki ne zai ci abincin rana, ya hau mota, ya sa kati, ya yi ziyara, ya sayi tsaraba. Wannan lissafi ya nuna cewa guzurin hukuma zai iya riƙe mai tattali, amma ba zai ɗauki tsarabar dangi da maƙwabta ba. Mai bin jirgin yawo kwanakinsa kaɗan ne, sai dai dukan kuɗin ƙasa daga aljihunsa zai fito.

Salon da ya zama ruwan dare a harkar tafiye-tafiye

Raba farashi gida biyu ba a harkar Hajji kaɗai ake yin sa ba. Ya fi shahara a manyan jiragen ruwa na yawon buɗe ido, waɗanda suka fara tashi daga Jidda zuwa Bahar Maliya a 'yan shekarun nan, kamar MSC Bellissima a 2021 da Aroya a ƙarshen 2024. Tikitinsu kan ƙunshi ɗaki da abinci, amma zagayen gari idan an tsaya a tashar ruwa, da intanet, da wasu gidajen abinci, da ladan ma'aikata na kullum, duk ana biyan su daban. Kamfanin Carnival, wanda ya fi kowa girma a harkar, kimanin kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigarsa daga irin waɗannan ƙarin yake fitowa. Shi ya sa masu yawan hawa irin waɗannan jirage kan haɗa tikiti da ƙarin kafin su kwatanta kamfani da kamfani. Dabarar ita ce dai maniyyaci ke buƙata.

Tambayoyin da suka kamata kafin a biya

Kwatanci mai inganci yana farawa ne da jera abubuwa iri ɗaya a takarda, a nemi amsar kowanne a rubuce. Mene ne sunan masaukin Makka da na Madina, kuma mita nawa ne tsakaninsu da Harami? Mutum nawa ne a ɗaki? Sau nawa ake ba da abinci? Wane ajin tanti ne a Mina? Akwai hadaya da ziyara da guzuri a ciki? Daga wane filin jirgi za a tashi, kuma kilo nawa aka yarda a ɗauko? Idan dala ta tashi bayan an biya, wa zai ɗauki ƙarin? Idan biza ba ta fito ba, nawa za a mayar, kuma a cikin kwana nawa?

Ya kamata a duba sunan kamfani a jerin waɗanda NAHCON ta bai wa izini a wannan shekarar, a kuma biya ta asusun hukuma ko na kamfanin, a karɓi rasit. Miƙa kuɗi a hannun wani don an san shi a gari ba ya zama hujja ranar da aka samu saɓani. Mai son tarawa a hankali yana iya shiga Adashin Gata, tsarin da NAHCON ta ƙaddamar tare da Bankin Jaiz a 2020.

Arhar da ta fi kowace haɗari

Kujerar da farashinta ya yi ƙasa ƙwarai da na kowa, sau da yawa ba bizar Hajji ce a cikinta ba, bizar ziyara ce ko ta yawon buɗe ido. Mai irin wannan biza ba shi da katin Nusuk, ba shi da tanti a Mina da Arfa, ba shi da gurbi a motocin alhazai. A Hajjin 2024, lokacin da zafi ya tsananta, Saudiyya ta sanar da rasuwar mutum 1,301, kuma ta ce kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin aikin Hajji. A 2025 hukuncin wanda aka kama babu izini ya kai tarar riyal 20,000, da kora, da haramcin shiga ƙasar na shekara goma. Don haka, kafin a zo kan batun masauki da ziyara, tambayar farko da maniyyaci zai yi wa duk mai tallan kujera ita ce wace irin biza za a buga masa.