Tsohon Gidan Zango da Ya Koma Kanti: Shin Ya Fita Daga Gadon Tarihi?

Akwai ra'ayin da ya samu gindin zama a tsakanin masu kula da kayan tarihi a Damagaram, cewa duk tsohon gidan da aka mayar kanti ko sito ko masaukin baƙi ya fita daga sahun gado, sai dai a lissafa shi cikin asara. A ganina an yi gaggawar yanke wannan hukunci, musamman a kan gidajen unguwar Zango, wadda ta tashi a bayan ganuwar Birni.

Fataucin da ya haɗa Damagaram da Damargu da Agadas har Tarabulus a ƙarni na 19 sananne ne (Salifou 1971, Baier 1980). Abin da ya shafe mu shi ne inda ayari yake sauke kaya. Raƙuman da suka gangaro daga Abzin, suka ratso makiyayar da Tenhiya take cikinta a yau, suka wuce ƙasar Tanut, a Zango suke durƙusawa, a ƙofar attajirai irin su Malam Yaro. Maigida shi ne mai masauki, shi ne mai ajiya, sau da yawa shi ke haɗa baƙo da dillali. A zaure ake ciniki, a ɗakunan ƙofar gida ake jibge haja. Ashe ke nan kasuwanci ba baƙo ba ne a waɗannan gidaje, da kuɗinsa aka gina su, don shi kuma aka tsara gabansu.

Wani abokin aiki da ya fi kowa tsayawa kan wancan ra'ayi yana da hujja biyu, kuma ba na wasa ba ne. Ta farko, darajar gidan Bahaushe tana cikin tsarin suturarsa: daga zaure zuwa ƙofar gida, daga shigifa zuwa cikin gida, kowane mataki da wanda aka yarje wa ya taka. In mai saye ya kutsa ko'ina, tsarin ya rushe ko da bango yana tsaye. Ta biyu, ɗan kasuwar yau ɗan haya ne, ba magaji ba, ribarsa kawai ya sani.

Hujjar farko ta tilasta mini in rage faɗin da'awata. Abin da tarihi ya goyi baya shi ne ciniki a gaban gida. Ban ga dalilin da zai halatta fasa shigifa a haɗe ta da tsakar gida don a samu filin jera buhuna ba. Haka nan wanda ya huda fuskar gida ya dasa ƙofar ƙarfe a tsakiyar zanen dagi, ya karya zanko don kafa allon talla, ya shafe bangon tubali da siminti, ya yi ɓarna. Siminti yana kulle danshi a ciki, ƙasa ta riƙa rugurgujewa a ɓoye har ranar da ɓawon zai ɓamɓaro gaba ɗaya.

Hujja ta biyu kuwa, ina jin ba ta auna abin da ke ɗaya ɓangaren ba. Gidan ƙasa da mutum yake rayuwa. Yana son yaɓe kafin damina, yana son wanda zai hau soro ya buɗe indararo. Idan magada sun watse, wasu Yamai wasu Kano, gado bai rabu ba, aka garƙame gida, ruwa ne zai kwanta a rufi, azara ta ruɓe, ɗaurin guga ya tsage. Ɗan haya, ko don kada hajarsa ta jiƙe, zai kira magini. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an samu mai kula da tulun.

Agadas ta ba mu misali a kusa. Fadar da aka gina wa Kawusan, jagoran Abzinawa, a daura da babban masallaci ta daɗe da zama otal, kuma hakan bai hana UNESCO shigar da tsohon garin cikin gadon duniya a 2013 ba. Yarjejeniyar Venice ta 1964 ma ta yarda cewa amfani da gini yana taimaka wa adana shi, muddin ba a sauya tsarinsa ko adonsa ba.

Tun 2006 Birni da fadar Sarkin Damagaram suke cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO, amma sunan Zango ba ya cikin taken. Kirana ga hukumar gari da masarauta shi ne a yi rajistar tsofaffin gidajen Zango, a bar ciniki a zaure da ƙofar gida, a hana taɓa fuskar gini da shigifa, a kuma sanya yaɓen shekara cikin sharuɗɗan haya, a ƙarƙashin idon maginan gargajiya.