Rumbun Gida da Rumbun Kanti: Tarihin Cin Wutarsu

A shekarar 1956, sa'ad da kamfanin IBM na Amurka ya fito da na'urar RAMAC, wadda rumbunta yake da faya-faye 50 da nauyin kimanin tan guda alhali abin da yake ɗauka bai wuce megabait 5 ba, sha'anin adana bayanai na manyan ma'aikatu ne kaɗai, domin su ne ke da ɗakin ajiye ta da halin biyan wutarta. Wani babban sauyi ya zo a 1988, yayin da masana uku na jami'ar Berkeley, wato Patterson da Gibson da Katz, suka bayyana hikimar haɗa ƙananan faya-faye masu araha su yi aiki tamkar guda, ta yadda ko da ɗaya ya lalace, amanar da aka ba su ba za ta salwanta ba.

Daga nan ma'abota wannan fanni suka rabu mazhaba biyu. Akwai masu sayen akwati haɗaɗɗe daga kamfanonin Taiwan, kamar Synology da aka kafa a 2000 da QNAP a 2004. Akwai kuma waɗanda, tun da Bafaranshe Olivier Cochard-Labbé ya saki manhajar FreeNAS kyauta a 2005, suka riƙa tayar da tsohuwar kwamfuta daga barci su mai da ita rumbu, suna ganin sun yi tsimi.

Amma araha ba ta ado, kuma hisabin yana wajen mita. Rumbu ba ya barci, shekara kuwa sa'a 8,760 ce. Saboda haka tsohuwar kwamfutar da ke jan wat 80 za ta cinye yunit 700 na wuta kafin shekara ta zagayo, alhali akwatin kanti mai wat 20, wanda aka ƙera ƙwaƙwalwarsa bisa ƙana'a, yunit 175 ya ishe shi.

Sannu a hankali maƙeran gida suka farga, musamman bayan fitowar Raspberry Pi a 2012 da sauran alluna masu ƙarancin ci, har tazarar ta ragu, ya zama galibin wutar faya-fayen ne ke sha, kowanne wat kaɗan muddin yana juyawa. Ke nan israfin asalinsa tsohon ƙarfen da aka ɗora wa aikin da ba nasa ba ne. Wanda kuwa rumbunsa ke kwana a kan batirin sola, yakan san gaskiyar wannan tun kafin kiran assalatu.