Gurasa: Yadda Baƙuwar Alkama Ta Zama 'Yar Cikin Birni

Duk wanda ya tashi a cikin ganuwar Kano zai rantse maka gurasa tasu ce tun kaka da kakanni, kuma babu mai yi masa musu. Sai dai ƙasar da ke kewaye da birnin ƙasar gero ce da dawa. Su damina ke bayarwa, su ke cika rumbu, kuma a kansu aka gina cin yau da kullum: koko ko ɗumame da safe, fura da rana, tuwo da miyar kuka da dare. Alkama ba ta cikin wannan lissafi. Ba ta son zafi, ba ta jiran ruwan sama. Sai hunturu ya kama, wajen watan Nuwamba, ake shuka ta a fadama, a yi ta ba ta ruwa da jigo har zuwa Maris. Hatsin da sai an yi masa irin wannan hidima ba na tukunyar talaka ba ne. To yaya aka yi gurasa ta zama abin da ɗan dako da almajiri ke toshe yunwa da shi?

Labarin ya faro ne daga hamada. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499 kuma ya kafa kasuwar Kurmi, Kano ke karɓar baƙi daga Arewacin Afirka, malamai da fatake. A ƙarni na 19 ayarin raƙuma na tasowa daga Tarabulus, ya bi ta Gadamus da Gat da Agadas da Damagaram ya sauke kaya a Kano. Larabawan da ke wannan fatauci ba duka ke komawa ba. Wasu sun gina gidaje a wajejen Dala da Dandalin Turawa da Alfindiki, suka yi aure, suka hayayyafa. Mutum kan bar garinsu, amma ba ya barin harshensa a can: wanda ya girma da burodin alkama ba zai daɗe yana haƙuri da tuwon dawa ba. Ɗora buhunan alkama a kan raƙumi na tsawon watanni kuwa asara ce, domin wurin na alharini ne da takarda da turare. Abin da ya ƙetaro hamada shi ne sha'awar abincin da sanin yadda ake yin sa. Alkamar kanta manoman fadamar nan gida suka noma, matan gidajen Larabawa da barorinsu suka niƙa a dutse, daga nan sana'ar ta tsallaka katanga zuwa maƙwabta.

Akwai shaidar gani da ido. Baturen nan Hugh Clapperton ya shigo Kano a watan Janairun 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo, ya zaga kasuwa, kuma ya rubuta cewa ya ga ana sayar da abincin garin alkama iri uku, a cikinsu ɗaya a murɗe, ɗaya kuma 'yan ƙanana masu kumburi da ake kwarara wa zuma da man shanu. Bakano ba ya buƙatar tafinta kafin ya hango alkaki da finkaso a cikin wannan bayani. Ke nan shekara 200 da suka wuce alkama ta riga ta fito daga gidajen baƙi ta zauna a Kurmi.

Amma zama a kasuwa daban, zama a kowane gida daban. Dubi wuraren da alkama ta samu gindin zama a al'adar birni, za ka gane matsayinta na da. Tana cikin gara, inda uwar amarya ke nuna isarta da yawan alkaki da dubulan. Tana cikin akushin da ake aika wa surukai da azumi, alkubus ko finkaso da miyar taushe. Tana cikin abincin Sallah da na saukar babban baƙo. Shi alkaki ma aikinsa kaɗai ya isa ya gaya maka ba na gaggawa ba ne: a ɓarza alkama, a murje ta da mai, a bar kwaɓin ya kwana ya yi tsami, a kashe tsamin da kanwa, a naɗa, a soya, sannan a tsoma a zuma. Wannan abincin fita kunya ne, ba na kashe yunwa ba.

Gurasa ce ta fi sauran sauƙin kai, saboda tanderu. Tukunyar ƙasa ce babba mai faɗin baki, danginta na nan a Libiya da Tunisiya har zuwa ƙasashen Larabawa na gabas. Tun kafin kiran assalatu mai gurasa ta kwaɓa ƙullunta ya tashi. Sai ta cusa kara a tanderu ta kunna, ta jira harshen wutar ya faɗa, jikin tukunyar ya ɗau zafi. Ta jiƙa hannu, ta gutsuro ƙullu, ta faɗaɗa shi a tafinta, ta zura hannun har kusan kafaɗa ta manna a bango, ta sake, ta sake, har cikin ya zagaye. Ta rufe. Jim kaɗan ta buɗe ta ɓamɓaro su, gefe ɗaya fari da laushi, ɗaya gefen da tabon wuta. Ba mai, ba suya, ga yawa a lokaci guda. Sana'a ce da mace za ta yi a cikin gida ba tare da ta fita ba, maza da yara su ɗauka a kwando su kai bakin kasuwa, kuma wannan ya dace da zaman birni ƙwarai. Har unguwa guda ta ci sunanta, Ceɗiyar 'Yan Gurasa, kusa da Jakara.

Sai duniya ta juya. Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, hanyar hamada ta mutu a tsaye, fatauci ya koma fuskantar teku. Jirgin da ya kashe ayari shi ya tayar da cinikin gyaɗa, wanda ya kai ga dalar gyaɗa. A ganina nan ne gurasa ta samu abokin zamanta na gaskiya. Inda gyaɗa ta yawaita, mata na matsar mai, ƙuli-ƙuli na arha. A yayyafa wa gurasa ruwa ta yi laushi, a barbaɗe ta da dakakken ƙuli mai yaji, a zuba man gyaɗa, a yanka albasa da tumatir: bandashe ke nan. Balaraben Gadamus da zai dawo ba zai gane ta ba. Wannan haɗin na Kano ne zalla, kamar yadda naɗe tsire ko balangu a cikinta yake na Kano.

Ba mu kaɗai wannan ya faru da mu ba. Mutanen Biyetnam masu cin shinkafa ne safe da yamma, ƙasarsu ba ta alkama ba ce. Faransawa da suka kama birnin Saigon a 1859 suka zo da dogon burodinsu. Kafin shekara 100 'yan ƙasa sun tsaga cikinsa, sun cusa nama da barkono da ganye da karas mai tsami, suna sayarwa a bakin titi da sunan banh mi, kuma yau duniya ta san shi a matsayin abincinsu ne. Su ma, kamar mu, garin da suke kwaɓawa daga ƙetare yake zuwa.

Domin abin da ya sauko da gurasa daga akushin attajiri zuwa hannun kowa ba fadama ba ce, fulawa ce. Kamfanin Flour Mills of Nigeria ya fara niƙa alkamar waje a Apapa a 1962, a shekarun 1970 kuma aka kafa masana'antar fulawa a Bompai. Kuɗin man fetur ya shigo, naira na da ƙarfi, alkamar Amurka ta fi ta Kano arha a Kano. Mai gurasa ta huta da surfe da niƙa, ta koma sayen buhu da yis. Mai taliyar murji ta samu injin juyawa da hannu. Fulawa ta kutsa har cikin ɗanwake, fanke ya cika tasha, burodi ya zauna a teburin mai shayi, daga baya Indomie ta zo ta zauna kusa da shi. Cikin ƙarni ɗaya hatsin biki ya zama na karin kumallo.

An yi ƙoƙarin noma abin da ake ci. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ta buɗe filayen rani a Kadawa da Kura, kuma alkama na cikin abin da aka yi niyya. A 1985 wasu masana biyu 'yan Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, suka fitar da littafi suna kiran lamarin tarkon alkama: an saba wa jama'a da abincin da ƙasa ba za ta iya nomawa da arha ba. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama daga farkon 1987. Manoman Kano sun shuka, wasu sun samu kuɗi, amma abin da aka girbe bai kai ko kusa da buƙata ba, fulawar sumoga ta yi ta ɓullowa ta kan iyaka, aka ɗage haramcin a 1992. Har gobe fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da Nijeriya ke ci a jirgin ruwa take zuwa.

Shi ya sa tanderun da ke lungun Jakara yake jin motsin dalar Amurka kafin ma'aikacin banki ya ji. Yaƙin Rasha da Yukiren a 2022 ya ɗaga farashin alkama a duniya, faɗuwar naira daga tsakiyar 2023 ta ƙarasa sauran. Gurasa ta yi ta ƙanƙancewa a kwando, tanderu da yawa suka huce. A farkon Fabrairun 2024, da buhun fulawa ya haura naira 40,000, matan da ke wannan sana'a, waɗanda yawancinsu a cikin gida suka gaje ta daga iyaye mata, suka yafa mayafi suka fito titi a Ceɗiyar 'Yan Gurasa ɗauke da kwalaye, suna neman a sauko da farashi.