Rabon Makwanci a Masaukin Fatake

Tun da na miƙa wa ɗan ƙanena makullan masaukinmu na Fagge, tambayoyinsa duk a kan kaya suke: wace katifa ce ba ta saurin lotsawa, fanka nawa ɗaki ke buƙata, ko gado mai hawa biyu zai shiga babban ɗaki. Abin da ya taso ya gani ke nan a sababbin masaukan da suka cika layukan kusa da Kantin Kwari, inda ake auna gida da yawan kawunan da za su kwana a cikinsa. Ni kuwa da na shiga wannan aiki a 1973, shekarar da aka ajiye fam da sule aka ɗauki naira, abin da aka fara koya mini shi ne wa zai kwanta kusa da wa.

Fagge ba sai na yi wa abokan sana'a bayaninta ba. Tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ayari ke yada zango a nan bayan ganuwa. A zamanina baƙinmu su ne mutanen Damagaram da Matamai masu biyowa ta Kwangwalam da Daura, da Maraɗawa ta Jibiya, da Buzayen Agadas, sai Shuwa da Barebari daga wajen Njamena ta Gamboru. Abin da yaran yanzu ba su riska ba shi ne, baƙo ba ya biyan kuɗin kwana. Fatoma zai ba shi shimfiɗa da ruwa da tuwon dare, ya haɗa shi da dillalinsa, ya tsaya masa in zai ɗauki kaya bashi, sannan ya ci la'adarsa a cinikin. Saboda haka barcin baƙo jari ne a wurin maigida. Wanda ya kwana yana juyi a gidanka, baɗi wani gidan zai sauka, kuma ba shi kaɗai zai tafi ba, da mutanen garinsu zai tafi. Daga ranar da la'ada ta ja baya aka koma karɓar kuɗi a kan kowane kai, lissafin ya juye: yawan mutane ya zama riba, ko sun runtsa ko ba su runtsa ba.

Maigidan da ya raine ni, Allah ya jiƙansa da rahama, Baba muke ce masa. Ya yi ƙuruciyarsa a zangon Kumasi wajen masu goro, sannan ya yi yaron gida a Sabo ta Ibadan a hannun wani fatoman shanu, kafin ya dawo gida. Bai taɓa barin baƙo ya zaɓi wurin kwanansa da kansa ba. Ana idar da isha'i a ci abinci, sai ya miƙe ya tsaya a bakin babban ɗaki, ni ina bayansa da tabarmi a kafaɗa. "Alhaji, ga wurinka nan jikin bango. Kai yaro, ƙara wa Malam buzu a kan tasa." Haka zai bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma babu wanda ke jin an yi masa iko, don da fara'a da kiran sunan girma yake yi.

Akwai dalili a kowace shimfiɗa. Wanda zai kama motar asuba, bakin ƙofa ne wurinsa, kayansa kuma tun da dare an ɗaure an fitar da su zaure, don kada ya tashi yana kwance ƙunshi a kan mutane. Dattawa masu fita kewayawa cikin dare su ma ba a tura su ƙurya, ana barin musu hanya mai faɗin taku ɗaya zuwa ƙofa, da buta cike a waje. Yaron da wannan ce fitarsa ta farko, ana kwantar da shi kusa da babban mutum mai jin yarensu, saboda irinsu tsoro ne ke hana su barci, ba taurin ƙasa ba. Mutum biyu da ke da bashi a tsakaninsu ba sa haɗa ɗaki ko da 'yan gari ɗaya ne. Mai tari ana ware shi. Fitilar ƙwai guda ɗaya ce, a rataye a waje, a rage lagwaninta yadda mai fita zai ga takalminsa amma haskenta bai kai fuskar kowa ba.

Batun mai minshari shi ne inda na fi ganin gwanintar Baba. Sabon baƙo ba a tambayarsa, don babu wanda ya san yana yi, in ma ya sani ba zai faɗa ba. Daren farko ni ake kwantarwa a bakin ƙofa in saurara, da safe in raɗa wa Baba. Dare na biyu sai ka ji ya ce, "Alhaji, ɗakin nan ya yi maka cunkoso, zo ga shigifa ka sha iska." Mutumin ya tafi yana godiya an girmama shi, ɗaki ya samu lafiya. Ban taɓa jin Baba ya ce wa wani yana minshari ba, kuma bai yarda baƙi su yi wa juna ba'a a kai ba. Yau a wasu gidajen sai ka tarar yaro ya ɗauki hoton dattijo yana barci da waya yana nuna wa abokansa, mai gidan kuma bai ma sani ba, don ba ya kwana a wurin.

Amma duk wannan tsari da ba zai yi amfani ba in babu ajiya. Falke da lalitarsa yake zuwa, ɗaure a ƙugu, kuma mai lalita a ƙugu da ido ɗaya yake barci. Don haka kafin a shimfiɗa tabarma, kowa zai shiga zaure shi kaɗai, ya ƙirga kuɗinsa a gaban Baba, a rubuta da ajami a littafi, a zuba a akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonsa. Wanda ya ƙi bayarwa ba a tilasta shi, amma an gaya masa a gaban shaida cewa abin da ya ɓata ba na gida ba ne.

Wannan akwati ya tuna mini Afrilun 1984, lokacin da gwamnatin Janar Buhari ta canza launin takardun naira, ta rufe iyakokin ƙasa, ta ba da wa'adin da bai kai mako biyu ba. Gidanmu cike yake da mutanen Nijar, kuɗinsu na cikin akwatin, ba su da banki, ba su da hanyar komawa. An kuma ƙayyade abin da mutum ɗaya zai canza. Baba ya raba kuɗin a hannun 'ya'yansa da yaransa da maƙwabtan da ya amince da su, muka riƙa yini a layi. Darare biyu na farko babu wanda ya runtsa a gidan, sai tsaki da salati. Da ya ga haka, sai ya mayar da al'ada: bayan isha'i ya kira kowa zaure shi kaɗai, ya buɗe littafi ya nuna masa nawa aka canza masa, nawa ya rage, a hannun wa yake. Daga ranar mutane suka koma barci, alhali tabarmar ita ce dai ta jiya. Iyakar ba a buɗe ta ba sai 1986, wasu daga cikinsu sun daɗe a wurinmu kafin su samu ta daji su wuce, kuma Baba bai karɓi ko kwabo na abincinsu ba.

Tun da na ambaci tabarma, bari in faɗi ra'ayina a kanta, don an raina ta. Tabarmar kaba ana naɗe ta da safe, a shanya ta a rana, a kakkaɓe, in an ga alamar kuɗin cizo a kwara mata tafasasshen ruwa. Zafi ne maganinsa, ba komai ba. Katifar rimi ma ana farke ta a shanya audugar a sake ɗinkewa. Da katifar soso ta shigo, kowa ya yi murna da laushinta, ni ma ina kwana a kanta, amma a ɗakin da yau wannan gobe wancan, ɗinkin rigarta da tsagar gadon katako gida ne ga ƙwaron. Maimakon a fitar da kaya rana, sai aka koma fesa fiya-fiya a rufe ɗaki da la'asar, a zuba mutane da magariba. Su tashi da ciwon kai da shaƙewar ƙirji su ɗauka gajiyar hanya ce. Wannan zalunci ne, ko da mai yi bai yi niyya ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tsakar gida. A zamanin Baba, a bazara ba ma kwantar da kowa a ɗaki. Da la'asar sakaliya za mu share fili, mu yayyafa ruwa ƙura ta kwanta ƙasa ta huce, a yi rabon makwanci a waje kamar yadda ake yi a ciki. Yanzu je ka duba gidajen da aka sabunta: an gine filin an mayar da shi ɗakuna, an rufe da kwano, bangon bulo ya sha rana yini guda yana amayar da zafi har tsakar dare, taga ɗaya tana kallon bangon maƙwabci. In wuta ta ɗauke, a tayar da janareto a ƙarƙashin tagar, ƙara da hayaƙi duk a kan baƙi. Wanda ya ga bazarar 1996, shekarar da sanƙarau ya ɗauki dubban rayuka a Arewa, ba zai cusa mutane a irin wannan ɗaki ba. Lokacin Baba ya rasu, gidan yana hannuna. Na rage masu kwana a kowane ɗaki, na mayar da sauran fili, na riƙa raka baƙi wurin allurar rigakafi da kaina, wasu kuma na ba su haƙuri na ce babu wuri. Mun yi asarar kuɗi a wannan kaka, amma ba a fitar da gawa daga gidanmu ba, alhamdu lillahi. Da hunturu kuma dokar ɗaya ce tun zamanin Baba: kaskon gawayi ya ɗumama ɗaki kafin a kwanta, a fitar da shi, sannan a rufe ƙofa.

Wayar hannu da ta shigo a 2001 ta sauƙaƙa abubuwa da yawa, ba zan yi musu ba. Falke ya daina yawo da dukiya a ƙugu, wannan alheri ne. Sai dai tsoron ya koma kan wayar kanta. Mutum ya sa ta caji a nesa ya kasa barci, ya sa ta ƙarƙashin kai ta yi ta ƙara, na kusa da shi yana kallon fim haske na dukan idon jama'a. Abin da na yi kafin in bar aiki shi ne na sa kafinta ya yi mini akwati mai gidaje a zaure, kowane gida da wurin caji da ɗan kwaɗonsa. Bayan ƙarfe goma sha ɗaya mai son waya ya fito zaure ya yi.

Da ɗan nawa ya matsa a kan gado mai hawa biyu, na ce masa, "Saya, amma na ƙarfe, mai walda mai kyau wanda ba ya kuka in an juya. Sama ta samari ce, ƙasa ta dattawa. Ka nisanta shi da fanka. Kowane gado da gidan sauronsa. Labulen da ka gani a hoto ka bar shi, a Kano iska zai tare." Ya ce, "To Baba, lambar gado fa?" Na ce ya rubuta lamba in yana so, amma kada yaron kanta ya riƙa miƙa ta ga duk wanda ya fara biya. Shi da kansa zai zauna da baƙi a ci abincin dare, ya ji wa zai yi sammako, wa ke tari, wa bai taɓa zuwa birni ba, sannan ya raba.

Akwai ɓangaren da ba mu cika magana a kansa ba, shi ne mata. A da matan da ke zuwa sarin kaya cikin gida ake shigar da su wurin uwargidan Baba, Inna, ita ma tana da nata rabon: mai goyo kusa da ƙofa don ta fita rarrashi, tsohuwa jikin bango, budurwa a tsakanin manya. Yau matan da ke zuwa Kwari daga Nijar da Chadi da Kamaru sun ninka na wancan zamani, amma a gidaje da yawa ɗakin ƙarshen lungu ake ba su, banɗaki ɗaya da maza, makulli a aljihun saurayi. Macen da ta san haka ba za ta yi barci ba ko katifar ta kai taku guda. Ɗakin mata yana buƙatar banɗakinsa, da sakata ta ciki, da dattijuwa mai kwana tare da su wadda ake biya albashi. Mu mun ware musu ɗakin gabas, muka ɗauki wata bazawara daga unguwa mai jin Zabarmanci da ɗan Larabcin Shuwa, kuma sharaɗin da na gindaya kafin in miƙa gidan shi ne ba za a taɓa albashinta ba ko kasuwa ta yi sanyi.