Daga Bakin Sankira Zuwa Wayar Hannu

Aikin hulɗa da jama'a a ƙasar Daura ya girmi ofis, ya girmi takarda. Idan Sarki yana da magana, sankira ne ke ɗaga murya ya isar da ita a fada, masu shela su kewaya unguwanni da kasuwa, hakimai su aika wa dagatai, dagatai su tara masu unguwa. Abin da 'yan baya suka manta shi ne, ta inda umarni ke sauka, ta nan koke ke hawa. In fari suka faɗa wa gonaki a Ɓaure, ko rijiya ta ƙafe a wani ƙauyen Sandamu, fada za ta ji ta bakin mutanen nan dai. Kuma mai shela ba ya ƙarin gishiri, domin kowa ya san gidansu, ya san wanda ya aiko shi.

A Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam yana edita, a daidai lokacin da raɗe-raɗin yaƙin Jamus suka cika gari. Sai motar majigi, wadda ke kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan dagaci da almuru, mai fassara yana bayani kan tsafta da noma. Sai Rediyon Kaduna a 1962. Duk waɗannan da Hausa suka yi magana, shi ya sa suka shiga jiki.

Mu da muka kama aiki a ofisoshin yaɗa labarai bayan an ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, wata al'ada dabam muka tarar. Sana'a ta yi ƙungiya tun 1963, kuma a 1990 dokar soja ta ba ƙungiyar, wato NIPR, ikon yi wa masu aikin rajista. Martaba ta ƙaru, wannan ba musu. Amma ga yadda wunin aiki yake tafiya: a zauna gaban tafireta a buga sanarwa da Turanci, shugaba ya sa hannu, a saka a ambulan, a ba direban motar haya ya kai Katsina, sannan a kasa kunne da dare a ji ko an ambaci sunan maigida. In an ambata, aiki ya yi kyau. Ko manomin Zango ya fahimci ranar da za a raba taki, ba wanda ke tambaya. A ganina, a wannan zamanin ne sana'ar ta kurmance: bakin yana nan, kunnen ya toshe.

Wayar salula ta zo a 2001, Facebook da WhatsApp suka biyo baya, amma 2015 ce ta juya mana komai. Ɗan Daura ya zama shugaban ƙasa, idon duniya ya dawo kan garin, kowace sallah 'yan jarida su cika shi. Da Muhammadu Buhari ya yi doguwar jinya a Landan a 2017, sau nawa aka kashe shi a waya? Daga nan aka ƙago cewa wani ɗan Sudan ne aka kawo a madadinsa. Yana da masu magana da yawunsa ƙwararru, Garba Shehu da Femi Adesina, amma maganar ta ci gaba da yawo har sai da shi da kansa ya buɗe baki a Polan a Disambar 2018 ya ce shi ne ba wani ba. Da aka sace Magajin Garin Daura a ƙofar gidansa a farkon Mayun 2019, wata biyu aka yi kafin a kuɓutar da shi a Kano, kuma duk ranar da hukuma ta yi shiru, wani ne zai cike gurbin da abin da ya ga dama.

Inda na fi ganin gaskiyar aikin shi ne Afrilun 2020, da korona ta fara ɓulla a Jihar Katsina ta garin Daura, Gwamna Aminu Bello Masari ya sa aka kulle garin. Mutane suna cikin gida, tsoro da musu suna yawo tare. Ba takardar sanarwa ce ta kwantar da hankali ba. Mota ce mai lasifika, da liman, da mai unguwa wanda zai naɗi muryarsa na minti ɗaya ya tura zauren WhatsApp na unguwa: "Jama'a, ni ne, ku saurara." Tsohuwa ta miƙa wa jikanta waya ta ce, "Kai yaro, sake kunna mini." Ta yarda ne domin ta san muryar tun mai ita yana ƙarami.

Shi ya sa rufe Twitter da gwamnati ta yi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 bai canza komai a teburin mai shayi ba. Hirar mutanenmu ba can take ba, kuma toshe kafa ba ya kashe jita-jita.

Abin da ke ci mini rai shi ne sojojin baka. Sun faro a rediyo, yanzu sun cika waya: a saya wa matashi data, ya wuni yana wasa maigida, yana zagin sa'ar mahaifinsa. Manya da yawa sun ɗauka wannan shi ne hulɗa da jama'a, alhali ko maroƙin da ya san aikinsa yana da iyakar da ba ya tsallakewa. Yaran nan kuwa suna da basira. Ranar 15 ga Yulin 2025, da aka yi jana'izar Buhari a Daura, da yawa a Damagaram da Sabon Zangon Akara ta wayoyin irinsu suka bi abin da ke gudana kai tsaye.

Su ne za su gaje mu, a ƙananan hukumomi biyar na masarautar, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, da Jami'ar Sufuri. Idan matashi ya zo mini neman koyo, ba na fara masa da rubuta sanarwa. Nakan sa shi ya yi mako yana bin zaurukan WhatsApp na Mai'aduwa da Kwangwalam, ya tattaro abin da mutane ke kuka da shi, ya rubuta a shafi ɗaya da sunansa a ƙasa, mu shiga da shi wurin shugaba ranar Litinin, ya karanta da bakinsa.